Mutuwar Alhaji Tsatsa Daga Saman Kwano

Jiya ina zaune a bakin shago na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai abin da muka yi a zamaninmu ba sana'a ba ce, hawa ne kawai da sauka: ka ɗaure ƙarfen eriya a kan gora, ka kafa, a sallame ka. Ban tanka ba don da goro a bakina. To yanzu na haɗiye, sai ku matso. Ku kuna hawa da farantin dish da 'yar na'urar nan da take yi muku tsuwa in kun dace da saiti, har kuna amsa waya da ɗaya hannun. Mu ba mu san wannan gata ba. Na'urarmu ita ce maƙogwaron mai gida, yana ƙasa yana ihu, kai kana sama kana juyi.

A hannun Baba Lasisi na koya, wani dattijon Bayarabe mai gyaran rediyo da talabijin a bayan tashar mota, Allah ya jiƙansa. Na je wurinsa da burin in riƙa buɗe bayan talabijin ina taɓa wayoyi mutane suna kallona. Sai ya miƙo mini adda, ya tura ni wajen Sabon Wuse in zaɓo gora. Na dawo da wata zanƙaleliya, ɗanya shar, ina taƙama. Ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa ya ce, "Haruna, rake na aike ka?" Ɗanyar gora in ta sha rana lanƙwashewa take yi, eriyar da ka saita wa Kaduna ka dawo ka tarar tana gaida maƙwabta. Busasshiya ake nema, miƙaƙƙiya, mai gaɓa kusa-kusa, wadda ƙwaro bai huda ba. A ɗan babbake gindinta, a shafe da baƙin mai saboda gara. Na daɗe ba abin da nake taɓawa sai gora da tsani kafin ya yarda ya ba ni filaya.

Kayan aikinmu duka buhun shinkafa guda ke ɗauke su: filaya, sukundireba, wuƙa, guduma, ƙusoshi, wayar ɗauri, da naɗin wayar eriya mai faɗin nan. In mai gida yana da hali a haɗa masa da busta, ɗan akwatin da ke ƙara wa hoto ƙarfi. Amma babban kayan aiki tafin ƙafa ne. Kwano ba a taka shi ko'ina, layin ƙusa ake bi, don nan ne katako yake a ƙarƙashi. Ba a hawa da takalmi, ba a hawa ana walƙiya, ba a leƙa tsakar gidan maƙwabta. A kan wannan na ƙarshen Baba ya fi tsanantawa. Yakan ce mai eriya yana ganin abin da ba a gayyace shi gani ba, yana jin abin da ba da shi ake ba, saboda haka duk abin da ya tsinta a sama ya baro shi can.

Suleja kuwa ba garin da eriya ke so ba ne, duwatsu sun yi mana zobe. Tashar Abuja ga ta kusa, amma dutse ya tare wa wasu unguwanni, a Madalla ma sai ka ga mutum ɗaya ya zama biyu a talabijin, shi da inuwarsa suna magana tare. Minna tana yamma, ba ta da rigima. Kaduna ce can arewa da nisa, sai da doguwar gora, wani lokaci biyu a haɗe, kuma sai gari ya yi sanyi da yamma hoton ke yarda ya zo. Ita kuwa kowa yake so. Lokacin ne ma'aikata suke ta kwararowa daga Kano da Zariya da Katsina, aiki a Abuja, kwana a Suleja cikin ɗakin haya. Mutum ya sauke kaya yau, gobe kafin ya nemi makarantar yara ni zai nema, don uwargida ta ce ba ta zama inda ba za ta ga wasan Hausa ba.

Na tuna wani aiki da na yi wa wani manomi a bayan Maje. Ya sayar da doya ya sayo 'yar talabijin baƙi-da-fari da batirin mota, ga gidansa rufin ciyawa, ba inda zan taka. Sai na hau bishiyar mangwaro na ɗaure gorar a reshe. Hoto ya fito tas, ya cika mini buhu da doya, har ya raka ni bakin hanya. Da damina ta sauka mangwaro ya yi sabon ganye, hoto ya ɓace, ya biyo ni har shago wai na sayar masa da eriyar rani. Haka na koma da adda na yi wa bishiya aski.

Ga inda ainihin wahalar take. Ba a saita eriya sai tasha a buɗe, tasha kuwa sai la'asar take buɗewa. Kuma mutanenmu ba sa tuna eriyarsu ta karkace sai an fara abin da suke son gani. Akwai wani wasan kwaikwayo da ake sawa daga Kaduna duk Lahadi bayan magariba, wanda saboda shi masu ƙosai ke kashe wuta da wuri. To duk Lahadin duniya, ana fara kiɗan buɗe wasan ni ina saman kwanon wani, rungume da gora. "Juya! Juya! Ya fito! A'a, ka wuce, dawo! Tsaya nan!" In na ce bari in ɗaure in sauko, sai a ce ɗaurin ne ke ɓata shi, in daure in riƙe har a gama. Shekaru ana wasan nan, wallahi ban taɓa zama na gan shi da idona ba. Da kunne na bi shi, ta taga da ta tsakar gida. Abin da nake gani daga sama fuskokin masu kallo ne, hasken talabijin yana wasa a kansu, kowa baki buɗe.

Mugun da ke cikin wasan shi ne Alhaji Tsatsa, dillalin filaye. Fili ɗaya ya sayar wa mutum uku, ya cinye gonar marayu, ya je ta'aziyya yana auna gidan mamaci da ido. A wani garin wannan wasa ne. A Suleja ta wancan lokaci, da ake yanka gonaki ana sayarwa kamar tsire, kowa yana da nasa Tsatsan da ya sani da suna. An ce mini yana da gemu har ƙirji, da baƙin tabarau, da rawani, da tumbi. Ni dai muryarsa na sani. Kafin ya yi magana sai ya ɗan yi gyaran murya ta hanci, sannan ta fito da kauri kamar ana jan turmi a kan siminti. Ko ba na jin kalmomin na san shi ne ya buɗe baki, don zagi ke biyo baya daga kowane gida a layin.

Sai ranar da motarsa ta ƙwace a kan gada ta faɗa kogi. Ina sama na ji ƙarar, na ji mata sun rangaɗa guɗa, unguwa ta ɗauka. Aka nuna rawaninsa yana yawo a kan ruwa, aka rufe wasan a nan. Kowa ya kwanta yana jiran Lahadi mai zuwa, amma wasan bai dawo ba, don a tsakanin ne shekarar wahala ta kankama. Mai ya ɓace, ma'aikata suka shiga yajin aiki, tasha ta koma maimaita tsofaffin waƙoƙi, in ma an samu wutar kallo ke nan.

Ku da kuke cewa sana'ar nan sauƙi gare ta, da ma kun gan ni a shekarar nan. Wanda bai ga albashi ba ba ya ɗaura eriya. Ga ɓarayi sun gano cewa ƙarfen eriya irin wanda maƙeran tukwane ke narkawa ne, mutum ya kwana da eriya ya tashi da gora tsirara. Sabuwa kuma ta fi ƙarfin kowa. Sai na koma ƙera tawa da tsohon wilin keke, da murfin tukunya, da mataccen dogon ƙwan lantarki. Baba Lasisi ya gani ya yi dariya har da hawaye, amma da ya ga ta kamo Minna ya ce in ƙera masa irinta. Da haka muka ci tuwo, wata rana da miya mai kyau, wata rana sai haƙuri.

Abu ɗaya ne bai yi tsada ba a shekarar, gardamar Alhaji Tsatsa. Teburin Ɗanlami mai shayi, a bakin layinmu, nan ce majalisa. Shi Ɗanlami yana kan cewa ya mutu, don da idonsa ya ga motar ta nutse har rufinta, kuma mai tumbi irin wannan ba ya fita ta taga. Sande, wani Ibo mai shagon kayan lantarki wanda a wurinsa nake sayen waya, shi ya fi kowa zafi.

"Malam, dis man no die!" yakan ce yana buga tebur har kofuna su yi tsalle. "Ka ga gawa? Ni ban ga gawa ba. Rawani kawai. Rawani yana mutuwa?"

Wani ya ce direba ne a ciki, Tsatsa ya sauka tun kafin gada. Wani ya ce ai yana da layar ruwa, an taɓa nuna ta a wuyansa. Wani ya rantse ya ga hannu ya fito daga ruwa ta gefen hagu. Na san gidan mai wannan rantsuwa, na kuma san eriyarsa, a talabijin ɗinsa ko mai karanta labarai hannu huɗu gare shi. Ban ce komai ba, tunda ni na ɗaura ta. Da aka matsa mini in faɗi nawa, na ce ni dai ban ji ya yi salati ba, ban kuma ji ya yi ihu ba. Sande ya miƙo hannu muka tafa, ya ce ga shaida daga sama. Abin da ya riƙa ba ni dariya, waɗanda suka yi guɗa ranar da ya faɗa ruwa su ne yanzu suka fi kowa neman hujjar yana raye.

Ana cikin haka aka kira ni aiki a gidan Inna Kande, bayan wata da watanni ban ɗaura sabuwar eriya ba. Inna Kande tsohuwa ce 'yar Maje, ɗanta ya gina gidan haya a cikin gari ya dawo da ita tana kula da 'yan haya. Ga baki, ga kyauta, in ta zage ka da safe da rana za ta aiko maka da dafaffiyar doya. Ita kam ba wasa ta ɗauki Tsatsa ba, don wani dillali ya taɓa yi wa gonar marigayi mijinta irin wannan cin, ta bi ta gaji ta bar wa Allah. Duk Lahadi ita ce a gaba da maficinta, tana tsine masa tun daga kakanninsa.

Sabon ɗan haya ne ya kira ni, Malam Isiyaku, akawu a wata ma'aikata, an yi masa canjin aiki daga Kaduna zuwa Abuja. Siriri ne, ba gemu, in ya gaishe ka kamar haƙuri yake ba ka. Yana da mata da 'ya guda, Bilki, 'yar firamare, mai shiru irin nasa. Ya ce Kaduna yake so, kuma yana so ta fito sosai. Na haɗa masa gora biyu, na sa busta, na ja wayar ɗauri ta kusurwa uku, na hau. Shi ya tsaya a ƙofar ɗaki, ido ɗaya a talabijin, yana faɗa mini. Ga iska, ga muryarsa kamar ta mai jinya.

"Malam, ɗaga murya, ba na ji!" na ce.

Na juya, na wuce, na dawo. Can hoton ya faɗo daidai, mutumin ya manta da kansa. Ya ɗan yi gyaran murya ta hanci ya ce, "Tsaya nan! Kar ka motsa!"

Saura ƙiris in saki gorar. Muryar da na yi shekaru ina ji tana cin gonar marayu, ga ta tana fitowa daga bakin siririn akawu mai singileti. Na leƙo ƙasa, shi ma ya ɗago. Muka haɗa ido, ya san na gane.

Da na sauko ya ja ni bayan ɗaki wajen rijiya, ya miƙo mini ruwa a kofi.

"Malam Haruna, kai ne mutum na farko da ya gane ni a garin nan."

"Ranka ya daɗe, ashe ba ka mutu ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce gemun da gam ake liƙa shi, tumbin kuma matashin kai ne. Wasan sha'awa ce tun yana makaranta, a ƙarshen mako suke yi. A unguwarsu a Kaduna kowa ya san shi ne, har masu kayan miya sukan ƙi sayar wa matarsa, shi kuwa daɗi ma yake ji, don alama ce ya iya. Amma sai yara suka sa Bilki gaba a makaranta, 'yar Tsatsa, 'yar mai cin gonar marayu, kullum ta dawo da kuka. Wata rana ya je ɗaukarta, yana tsaye a bakin ƙofa ya ji tana gaya wa ƙawayenta wai shi ba babanta ba ne, maƙwabcinsu ne.

"Ta zo ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba," ya ce. "Sai da muka sha kwana ta kama hannuna."

Da canjin aiki ya zo, shi da kansa ya roƙi mai shirya wasan ya kashe shi. Mai shirin ya ce zai dai jefa shi ruwa, sauran sai abin da aka gani.

"Tun da muka zo nan ba wanda ya kira ta da wani suna sai nata. Don Allah, Malam Haruna, kar ka mayar mini da ita inda ta fito."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, abin da aka ji a saman kwano ba ya saukowa. Amma bakina bai bar ni ba, sai da na tambaye shi, in haka ne me ya sa ya sa na haɗa masa gora biyu don Kaduna. Ya ce yana so dai ya ga yadda za su ƙarasa da shi. Na ji tausayinsa ƙwarai, don ka ga mutumin da ke kewar abin da shi ya binne da hannunsa.

Riƙe maganar nan ya fi riƙe gora wuya, ku da kuka san bakina. Malam Isiyaku yakan tsaya teburin Ɗanlami in ya sauko daga mota, ya zauna a ƙarshen benci da ɗan kofinsa ana gardamarsa a gabansa. Wata rana Sande ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Oga Isiyaku, kai from Kaduna ka zo. Wetin dem talk? Ya mutu ko bai mutu ba?" Ya ce a hankali, "Ni ban cika kallon wasa ba." Shayi ya sarƙe ni, sai da Ɗanlami ya bubbuga mini baya.

A gida ma bai tsira ba. In na je ƙara ɗaure waya nakan tarar da Inna Kande a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Bilki tana taya ta, don tsohuwar ta ɗauki yarinyar kamar jikarta. "Allah ya sa kada ne ya cinye shi," in ji Inna. Jim kaɗan kuma, "Amma anya? Mugu irin wannan ruwa zai ci?" Takan ce tun da ya faɗa kogi Lahadi ta zama mata miyar da ba gishiri. Bilki kuwa kanta a ƙasa, tana ɓara. Wani lokaci ta saci kallon babanta, in ya juyo ta kau da kai.

Da abubuwa suka lafa aka koma aiki, sai aka yi sanarwar wasan zai dawo. Ranar Lahadin ko a kasuwa ba a wata magana. Talabijin ɗin Malam Isiyaku ita ce mai kala, kuma ita ta fi kama Kaduna a layin, saboda haka Inna Kande ta ba da umarni a fito da ita baranda. Bai isa ya ce a'a ba. Aka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka cika gidan, Ɗanlami ya kife kofunansa ya zo, Sande ya rufe shago ya zo da tocila. Ƙarshen damina ne, ba hadari amma ga iska. Ana gab da farawa wayar ɗauri guda ta tsinke, gora ta juya, hoto ya tafi. Kun san wanda aka kira. Na ce a ba ni lokaci in sake ɗauri, Inna ta ce in na sake ta rasa farkon wasan nan sai ta sa an kwance tsanin an bar ni a can. Na rungume gora na tsaya.

Gidan ba tsawo gare shi ba, komai ina gani, komai ina ji, ban da talabijin ɗin da ta ba ni baya. Inna tana gaba da mafici. Bilki tana gefen uwarta cikin mata. Malam Isiyaku yana can bencin baya, a ƙarshe, ya cire takalmi ya haɗa hannuwa a cinya.

Aka yi kiɗa, aka fara. Na ji hayaniyar masunta a cikin wasan, na ji ana cewa a jawo, a jawo. Na ji salati. Sai wata murya ta ce an tsamo gawar Alhaji Tsatsa, ga ta an naɗe a tabarma, duniya ke nan. Ɗanlami ya miƙe tsaye ya ce, "Ban faɗa muku ba?" Sande ya ce, "Na lie! Su buɗe fuska mu gani!" Amma ba wadda ta yi guɗa wannan karon. Na dubi Malam Isiyaku, ya sunkuyar da kai. Abin da ya roƙa ne aka ba shi, sai dai ba wanda zai ga an naɗe shi a tabarma ya ji daɗi.

"Ku yi mini shiru," in ji Inna Kande. "Wannan ba shi ba ne."

"Haba Inna," in ji Ɗanlami, "ga shi sun faɗa da bakinsu."

"Su faɗa mana. Kai dubi ƙafar da ta leƙo daga tabarma. Tun yaushe nake kallon mutumin nan yana cire takalmi yana shiga zauren mutane ya cuce su? Ƙafarsa doguwa ce, babban yatsan ya hau kan na kusa da shi. Wannan guntuwar ƙafa ta wani bawan Allah ce aka kwantar." Ta nuna talabijin da mafici. "Sun rasa shi ne suka kawo mana wani. Wallahi in sun kashe shi na bar kallo. Wanda ya cuce ni ban isa in zage shi ba, wannan ne nake zagi duk mako har in huce in yi barci. Duk inda yake Allah ya yi masa albarka, la'ananne kawai."

Aka kwashe da dariya, amma ita tana share ido da bakin mayafi. Dariyar na lafawa sai wata 'yar murya ta ce, "Gaskiyar Inna ce. Ba ƙafarsa ba ce."

Bilki ce, ta miƙe tsaye. Uwarta ta kama zanenta ta zame.

"Ke kuma ina kika sani?" in ji Ɗanlami.

Ta ratsa tabarmi tana tsallake ƙafafun mutane har bencin baya, ta nuna ƙasa da yatsa. "Ga ƙafarsa nan." Malam Isiyaku ya yi wuf zai tura ƙafafunsa ƙarƙashin benci, amma ya makara. "Babana ne," ta ce. Sai ta ƙara da ƙarfi, yadda na bakin ƙofa ma za su ji, "Babana ne Alhaji Tsatsa."

Talabijin na ta wa'azin mutuwa ita kaɗai. Inna Kande ta tashi da ƙyar, ta karɓi tocila a hannun Sande, ta tako. Ta haska ƙafar, ta daɗe tana kallo. Ta haska fuskar.

"Yi magana," ta ce.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, ni..."

"Ba wannan ba. Yi magana."

Ya dubi 'yarsa. Ta ce, "Yi mana, Baba."

Ya miƙe zaune, ya ɗan yi gyaran murya ta hanci, ya ƙare wa gidan kallo tun daga rijiya har ƙofa, ya ce, "Hajiya, wannan gida ai ya yi miki girma. Kawo takardun in ajiye miki."

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Wasu matan suka watse da gudu suna dariya, Ɗanlami yana ta salati, Sande ya faɗi ƙasa yana buga tabarma yana cewa, "I talk am! Ai na faɗa!" Inna Kande kuwa ta rufe shi da duka da mafici, tana cewa, "Ina gonar marayu? Ashe a gidana kake, ina ba ka doya! Ina gonar marayu?" Tana duka tana kuka tana dariya, tana kuma kiran a kawo masa sauran tuwon da ta ajiye. Shi ya kare kansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun Bilki ta rungume shi ta ƙi saki. Yara suka zagaye ta, na ji tana gaya musu tumbin nan fa matashin kanta ne yake ɗauka, har yau yana ɗakinsu, in suna so gobe su zo su gani. Malam Isiyaku yana jin ta, hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba.

Ni ma a can sama idona ya cika, ga hannuwana duka biyu a kan gora. Na saki don in share. Iska ta juya ta, hoto ya ɗauke, talabijin ta koma shuu. Na tsaya ina jiran a ce juya. A duk shekarun da na yi ina hawa kwanon mutane, ranar ce kaɗai hoto ya ɗauke ba wanda ya ɗaga kai ya neme ni.